Hawan Salla a Kano: Yadda Tarihi ke Kwaikwayon Kansa a Bainar Jama'a

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yini a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san cewa idonsa kan ƙoshi da kallo. Sai dai sau da yawa ɗan kallo kan koma gida da labarin adon dawaki kawai, bai san cewa tarihin ƙasarsa aka jera masa a gabansa ba. Wasu ma kan ɗauka cewa Turawa ne suka ƙago hawan dungurungum. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa Hawan Salla kwaikwayo ne na tarihi, wanda zamuna uku suka bar sawunsu a cikinsa, wato zamanin sarakunan Haɓe da na Jihadi da kuma na mulkin mallaka.

2.0 Yinin Hawan Daushe

Ana yin wannan hawa ne kashegarin Salla da yamma. Sarki kan fita ya gai da mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, sannan ya ratso unguwanni ya komo fada. Tun azahar jama'a kan cika filin Ƙofar Kudu. Hakimai kan riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yan rakiyarsa da makaɗansa. Idan aka ji ƙarar bindigogi da amon kakaki, to, Sarki ya ƙaraso, dogarai cikin ja da kore suna kewaye da shi, laima na juyawa a bisa kansa. Bayan ya tsaya sai a shiga jafi, inda mahaya kan sako dawaki a guje, su ja linzami daf da shi, su yi jinjina.

Ga mai lura, wannan jeri ba na ado ba ne kawai. Tsari ne na rundunar yaƙi, kuma jafi mubaya'a ce, domin da shi mayaƙi ke shaida wa Sarki cewa dokinsa da makaminsa da ransa a shirye suke.

3.0 Sawun Zamanin Haɓe

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, ya danganta shigo da lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji (1390–1410), wanda ya yi fama da Zazzagawa. Lifidi auduga ce da ake ɗinke ta da kauri a lulluɓe doki da mahayinsa, don kada kibiya mai dafi ta kai ga fata. Haka kuma littafin ya jingina dawakin zage da kakaki da figini da takalmin gashin jimina ga Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya gina gidan sarautar da ake taruwa a ƙofarsa har yau. Ke nan, 'yan lifidin da yara ke yi wa shewa suna sanye ne da fasahar yaƙin da ta haura shekara ɗari shida a ƙasar Kano. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan cewa ba Turawa suka kawo hawa ba.

4.0 Sawun Zamanin Jihadi

Sarakunan Fulani ba su yar da waɗannan kayan sarauta ba, sai ma ƙari da suka yi. Ana rufe bukukuwan Salla ne da fita bayan gari, zuwa Ɗorayi ko Fanisau. Shi Fanisau ribaɗi ne na Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846), wanda ya zauna a cikinsa lokacin da yake yaƙi da Ɗan Tunku. A can ne ma Bature mai yawon buɗe ido, Kilafatan, ya same shi a 1824. Saboda haka, idan ayari ya fita ganuwa ya nufi Fanisau, fitar Dabo zuwa sansani ake maimaitawa, ko mahayan sun sani ko ba su sani ba.

5.0 Sawun Mulkin Mallaka

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Molan suka ci Kano, alhali Sarki Alu yana Sakkwato. Kafin watan ya ƙare, barade suka afka wa Turawa a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Daga wannan rana doki ya daina yanke hukunci a fagen fama. To, amma maimakon hawa ya mutu, sai ya sake ma'ana: abin da a da shiri ne na yaƙi, ya koma tuna yaƙi.

Sabuwar hukuma ta shiga cikin hawan ita ma. A Hawan Nassarawa Sarki kan kai gaisuwa gidan gwamnati, wanda a da Razdan ake kai wa, yanzu kuwa Gwamna. Daɗin daɗawa, Turawa sun zo da nasu salon daga Indiya, inda suka shirya gagarumin taron sarakuna a Delhi a 1877 da 1903 da 1911. Daga sunan wannan taro ne Hausa ta ari kalmar daba. An yi hawan daba a Kano domin Yariman Ingila a 1925, an yi a Kaduna domin Sarauniya Elizabeth a 1956, an kuma yi a Kadunar lokacin bikin FESTAC na 1977. Bambancin a fili yake. A Hawan Salla jama'ar gari ke jinjina wa Sarkinsu, a hawan daba kuwa sarakunan ne ake jerawa domin baƙo ya kalla. Gama su a suna ɗaya shi ne tushen ruɗanin da aka ambata a farko.

6.0 Abin da Hawa Bai Nuna Ba

Duk da haka, ya wajaba manazarci ya tuna cewa fada ce ke tsara wannan kwaikwayo, kuma kowa ya ba da labarin kansa ba ya kāyar da kansa. Ba a nuna faɗuwar Kwatarkwashi, ba a kuma nuna waɗanda suka bar birnin. Alal misali, Gwandara na Karshi da Shabu da Kwandare kusa da Lafiya suna riƙe da tarihin baka cewa kakanninsu daga Kano suka yi ƙaura lokacin da Musulunci ke kafuwa a fada, kuma masana harshe sun tabbatar da cewa babu harshen da ya fi nasu kusa da Hausa. Tarihin Kano ne wannan, amma ba shi da doki a cikin jerin.

7.0 Kammalawa

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. A wannan shekarar dai, da kuma 2025, an dakatar da hawan saboda rikicin sarauta. Wannan ya nuna cewa jinjina ba wasa ba ce har yanzu, tun da ana tsoron wanda za a yi wa ita. Aikin da ke kan malaman harshe da tarihi shi ne su rubuta sunan kowane kaya da kowane take daga bakin dogarai da makaɗa tun suna raye, don yaron da ya yini a Ƙofar Kudu ya iya faɗin abin da ya gani.