Yadda kiɗan rock ya gushe daga rediyon Amurka (zare)

1/ Ranar 12 ga Janairun 2005, ƙarfe 12 na rana, mutanen Washington na sauraren WHFS kamar kullum. Waƙar rock ta ƙare, wadda ta biyo baya da Sifaniyanci ta zo. Tashar ta koma El Zol, ba sanarwa ba sallama, bayan sama da shekara 30 ana kiɗa ɗaya. Ku gyara zama, zaren dogo ne 🧵

2/ Na san wani zai ce mu ina ruwanmu da rock. Ni ma ba wani jin sa nake sosai ba. Abin da ya ja ni shi ne tambayar da ke ƙasan labarin: wa ke zaɓar abin da kunnenka zai ji kyauta, kuma me ke faruwa ran da mai zaɓar ya fara tsoron asara?

3/ Ga wanda bai sani ba, rock shi ne kiɗan nan na jita mai lantarki da ganguna. Tushensa blues ne da R&B na baƙaƙen fatar Amurka, aka haɗa da kiɗan ƙauyen turawa. Chuck Berry, Little Richard, Fats Domino, duk baƙaƙe ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Farkon shekarun 1950 talabijin ta shigo gidajen Amurka ta kwashe wa rediyo komai: wasan kwaikwayo, 'yan barkwanci, manyan masu talla. Aka bar gidajen rediyo da awanni fanko. Abu mafi araha da za a cike su da shi? Mutum ɗaya da tarin faya-fayai.

5/ A 1951 wani mai gabatarwa, Alan Freed, ya fara saka waƙoƙin baƙaƙe da daddare a WJW ta Cleveland. Zamanin wariyar launin fata ne fa, yawancin tashoshin turawa ba sa taɓa irin faya-fayan nan. Sai ga 'ya'yan turawa suna kwana a gindin rediyo. Shi ya yaɗa sunan "rock and roll".

6/ A Omaha kuma Todd Storz ya lura mutane ba sa gajiya da maimaita waƙar da suke so. Daga nan aka samu tsarin Top 40, wato 'yan waƙoƙin da ke tashe a yi ta juya su. A 1954 ƙaramar rediyo mai batir ta fito kasuwa. Yaro ya samu tasa, ba sai ya jira ta falon baba ba.

7/ Sai badaƙala ta ɓarke a 1959. Ashe kamfanonin faifai na ba masu gabatarwa na goro don su saka waƙoƙinsu. Majalisar dokoki ta yi zaman bincike. Freed ya rasa aikinsa, ya mutu a 1965 yana da shekara 43, ba shi da komai. Allah sarki.

8/ Bayan wannan, tashoshi da yawa suka ƙwace zaɓin waƙa daga hannun mai gabatarwa suka damƙa wa shugaban shirye-shirye. Kai dai ga jeri nan, ka bi. Karo na farko ke nan da aka ɗaure rock, kuma duk wannan a zangon AM ne.

9/ Sai bango ya tsage. Lokacin FM kamar kango take, masu tashoshi abin da ke AM kawai suke maimaitawa a can. Hukumar sadarwa ta FCC ta ce daga 1967, a garin da ya wuce mutum 100,000, ba za ka maimaita fiye da rabin shirinka ba. Sai ka nemo abin da za ka saka.

10/ Masu tashoshi ba su ɗauki FM a bakin komai ba, don haka suka sakar wa matasa masu dogon gashi. Tom Donahue ya fara a KMPX ta San Francisco a 1967, WNEW-FM ta New York ta bi a shekarar, WBCN ta Boston a 1968. Mai gabatarwa ya saka abin da ransa ya so.

11/ Waƙar minti 10? A saka. Gefen faifai guda sukutum? A saka. A tsakani a caccaki yaƙin Biyetnam. Nan Jimi Hendrix da Pink Floyd suka samu gida. "Stairway to Heaven" ta Led Zeppelin minti 8 ce, ba a ma fitar da ita kasuwa ita kaɗai a Amurka ba, FM ce ta mayar da ita gagarau.

12/ Kun lura? Sau biyu ke nan. Rock na samun shiga ne lokacin da rediyo ba ta da abin da za ta yi asara: da talabijin ta tsiyata AM, da kuma lokacin da FM ba ta da daraja. To yanzu ku ga abin da ya faru da kuɗi suka shigo.

13/ Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masu jin FM sun zarce na AM. Sai ga masu ba da shawara irin su Lee Abrams, suna sayar wa tashoshi jerin waƙoƙin da aka tace da bincike. Wanda ake hari: saurayi bature, ɗan 18 zuwa 34, don shi masu tallar giya da mota ke nema.

14/ Kun tuna su wa suka haifi kiɗan? A wannan tsari sai da mawaƙa baƙaƙe suka kusa ɓacewa daga tashoshin rock. A Yulin 1979 Steve Dahl na WLUP ta Chicago ya tara dubban matasa a filin wasa aka tarwatsa faya-fayan disko, abin ya koma tarzoma. Ƙofa ce rock ya rufe wa kansa.

15/ Tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro tashoshin "classic rock", tsofaffin waƙoƙi zalla. Dabara ce mai riba: yaran 1970 sun girma, suna da albashi, kuma ba wanda ke kashe rediyo don ya ji waƙar samartakarsa. Daga nan gidan ya rabu, tsohon rock gefe, sabo gefe.

16/ Sabon ya yi tashe na ƙarshe. Nirvana suka fitar da kundin Nevermind a Satumban 1991, a Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga lamba ɗaya a Billboard. Tashoshi irin su KROQ ta Los Angeles suka zama masu naɗa sarki. Kowa ya ɗauka abin ya zauna.

17/ To ga inda gizo ke saƙa. Fabrairun 1996 Bill Clinton ya sa hannu a sabuwar dokar sadarwa. Kafin nan kamfani ɗaya ba zai mallaki tasha fiye da 40 a duk ƙasar ba. Dokar ta cire wannan iyaka gaba ɗaya, kuma a babban birni ta yarda mutum ɗaya ya riƙe har 8.

18/ Aka shiga wawaso. Clear Channel da ke da tashoshi kamar 40 ya wuce 1,200 cikin 'yan shekaru. Farashin tasha ya yi sama, kuma da bashi ake saye. Wanda ya ci bashi ya sayi tasha, ba waƙa ce a gabansa ba, kuɗin ruwan da zai biya ƙarshen wata ne.

19/ Ta ina za a rage kashe kuɗi? A sallami masu gabatarwa. Mutum ɗaya ya zauna a wani gari ya naɗi muryarsa, kwamfuta ta jera ta tsakanin waƙoƙi a garuruwa da yawa. Kana ji yana gaishe ka kamar ɗan unguwa, alhali bai taɓa taka garinku ba.

20/ Zaɓin waƙa kuwa ya koma gwaji. A kunna wa mutane 'yan daƙiƙu na waƙa su ba ta maki. Ka san ɗan Adam, abin da ya saba ji shi zai ba maki. Sabuwar ƙungiya daga cikin gari da ba wanda ya taɓa ji, ina za ta ci wannan jarrabawa?

21/ Daga 2007 kamfanin Arbitron ya kawo wata 'yar na'ura da mutum ke yawo da ita, tana gane tashar da kunnensa ke ji. Yanzu shugaban shirye-shirye na iya ganin daidai lokacin da aka juya masa baya. Tsoron baƙuwar waƙa ya ƙaru, surutun mai gabatarwa ma aka datse shi.

22/ Amma a yi adalci, ba kamfanoni kaɗai ba ne. Napster 1999, iPod 2001, YouTube 2005, Spotify ya shiga Amurka 2011. Matashin da ke neman sabon abu ya samu inda zai je. Rediyo ta ƙi ba shi, ya tafi. Da ya tafi, rediyo ta ce ai ba masu ji. Kowa na nuna ɗan'uwansa.

23/ Kuma Amurka kanta ta canza. Masu jin Sifaniyanci sun ƙaru sosai, shi ya sa El Zol ta fi wa mai ita riba. Hip-hop ya kama zuciyar yara, fari da baƙi. A 2017 Nielsen ya ce hip-hop da R&B sun wuce rock a yawan saurare a ƙasar, karo na farko.

24/ Wasu tashoshin ma ba waƙa ke riƙe da su ba, shirin safe ne. Da Howard Stern ya koma rediyon tauraron ɗan'adam na Sirius, wanda sai ka biya, a Janairun 2006, tasharsa K-Rock ta New York ta ajiye kiɗan ta koma surutu.

25/ Ga jerin ta'aziyya:
WNEW-FM New York, 1999
WHFS Washington, 2005
WBCN Boston, 2009
Q101 Chicago da WRXP New York, 2011
WLUP Chicago, 2018
WAAF Boston, 2020
Wasu sun koma labarai, wasu hirar wasanni, wasu kiɗan yayi.

26/ WLUP, wadda ta yi bikin fasa faya-fayan disko, dala miliyan 21.5 aka sayar da ita ga ƙungiyar da ke da K-Love, tashar waƙoƙin Kirista. A watan Maris ɗin nan na 2018 shi ma Clear Channel, wanda ya koma iHeartMedia, ya je kotu neman kariya da bashin kusan dala biliyan 20.

27/ Kar wani ya ce na ce rock ya ƙare. Ka juya akwati a kowane babban garin Amurka za ka ci karo da tashar tsofaffin waƙoƙinsa, kuma suna samun masu ji. Har Nirvana yanzu can ake saka su. Abin da ya yi wuya shi ne jin SABON rock a tashar kasuwanci.

28/ Inda ya rage sai tashoshin jami'o'i da waɗanda masu saurare ke tara wa kuɗi, irin KEXP ta Seattle da WFMU ta New Jersey. Can har gobe mai gabatarwa ne ke zaɓar waƙa da kansa. Ba mamaki, tunda ba bashin biliyoyi a wuyansu.

29/ Ni abin da ya tsaya min a rai: a da yara huɗu na iya kai faifansu wurin mai gabatarwa na garinsu, in ya ji ya yi masa, gobe gari duka ya ji, talaka da mai kuɗi, ba data ba rajista. Yau waya na ba ka abin da ya yi kama da wanda ka riga ka so.

30/ Nan zan tsaya. Tambaya gare ku: yaushe rabonka da ka fara jin wata waƙa a rediyo kafin ka gan ta a TikTok? Ku faɗa min a ƙasa, har da sunan shirin in kun tuna. In zaren ya yi maka, tura wa abokinka mai cewa tarihi ba daɗi 😅