Taki da Jaki: Tarihin Raya Ƙasar Noma a Kewayen Birnin Kano

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu amsa tambaya guda: me ya sa gonakin da ke kewaye da birnin Kano suka daɗe ana noma su kowace shekara, ba tare da an bar su saura ba, amma ba su mutu ba? Ƙasar wurin dai jigawa ce, mai saurin gajiya. Duk da haka, da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya yaba albarkar gonakinta ƙwarai. A 1965 kuma Mortimore da Wilson suka nuna cewa kusan duk ƙasar yankin tana ƙarƙashin garma.

A ganinmu amsar tana cikin cuɗanyar birni da ƙauye. Da rani, ƙauyawa kan ɗoro wa jakuna itace su kai birni, su komo da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi daga juji. Sai a jibge takin tsibi-tsibi a gona, a baza shi gab da shuka. Da damina a kan turke awaki da tumaki a gida, takinsu ya taru. Da kaka a tanada musu harawa. Watau abin da gona ta bayar, dabba ce ke mayar mata da shi. Bugu da ƙari, bayan girbi manomi kan gayyaci Fulani su sauka a gonarsa, shanu su ci karmami, su bar masa taki.

Zaizayar ƙasa ma ba a yi sakaci da ita ba. Kunya tana tare ruwa, gamba a kan iyaka tana riƙe ƙasa, wake a tsakanin gero da dawa yana rufe ta. Gawo da ɗorawa kuwa suna rage ƙarfin iska, gawo ma har ya zubar da ganyensa da damina don amfanin shuka.

Wannan tsari ya jure wa noman gyaɗa da ya bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya kuma tsallake farin 1972 zuwa 1974. Rauni ya fara shigarsa daga 1976, lokacin da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin tarayya ya yawaita takin zamani mai rahusa, wasu suka ɗauka an huta da dakon juji. Daga baya birni ya cinye gonakin kurkusa, jakuna suka ragu, leda ta gurɓata shara.

Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya ƙara wa jigawa laimar riƙe ruwa. Don haka muna kira ga mahalarta wannan taro su dubi yadda za a tace sharar birni ta koma gona, su kuma rubuta sanin dattawan manoma tun suna raye.