Ƙarar Guduma a Bango: Yadda Amurka Ta Manta da Haɗa Bututun Tukunyar Tururi

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a tsofaffin gidajen haya na Bronx ko Harlem a birnin New York, inda 'yan'uwanmu da dama daga Ghana da Nijar da Nijeriya suke zaune, ya san wata ƙara da ke tashi da asuba kamar ana dukan ƙarfe da guduma a cikin bango. Mazauna sukan ɗauka haka tsohon gini yake. Alhali tsarin ɗumama gida da tururi, in an haɗa shi daidai, kusan shiru yake aiki. Ƙarar shaida ce ta kuskure, kuma sau da yawa kuskuren yana can ƙasa, a 'yan bututun da ke kewaye da tukunyar.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. A ɗakin ƙarƙashin gini akwai babbar tukunyar ƙarfe da ake tafasa ruwa a ciki. Ruwa in ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 1,700, saboda haka yana hawa benaye da kansa ba tare da injin turawa ba. Ya shiga radiyeta, wato ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke gindin taga, ya saki zafinsa, ya koma ruwa, ya gangaro zuwa tukunya. Ke nan abu biyu ne suke zirga-zirga: tururi mai gudun tsiya da ruwa mai tafiyar hawainiya. Sana'ar gaba ɗayanta ita ce hana su karo. Inda ruwa ya kwanta a hanyar tururi, tururin yakan kwashe shi ya maka shi da gwiwar bututu. Gudumar ke nan.

A 1854 Stephen Gold na jihar Connecticut ya yi rajistar wani tsari na ɗumama gida da tururi mai ƙaramin matsi. A zamanin, mutane suna tsoron tukunyar tururi, kuma suna da hujja. A Afrilun 1865 tukwanen jirgin ruwan Sultana suka fashe a kogin Mississippi, fiye da mutum 1,100 suka halaka. Shekara guda bayan haka aka kafa kamfanin inshora na Hartford Steam Boiler, wanda aikinsa shi ne duba tukwane da biyan diyya in sun fashe. A 1905 tukunyar masana'antar takalma ta Grover a garin Brockton ta kashe mutum 58, abin da ya sa jihar Massachusetts ta kafa dokokin tukwane, kafin ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASME ta kammala ƙa'idojinta a 1914. Waɗannan tukwanen jirage ne da masana'antu masu babban matsi, amma masu inshorar da suka koyi darasi a kansu su ne suka waiwayi tukwanen gidaje.

Matsalar tukunyar gida ta wancan lokaci ita ce ƙafewar ruwa. Bututun da ke dawo da ruwa yakan bi ta ƙasa, wani lokaci ma a binne, ya shiga gindin tukunya kai tsaye. In ya yi tsatsa ya huje, ruwan tukunyar duka sai ya tsiyaye, ga kuma wutar kwal tana ci, wadda ba a kashe ta da maɓalli. Ƙarfe ya yi jawur. Mai kula da gini ya sauko, ya ga babu ruwa, ya buɗe famfo. Ruwan sanyi ya faɗa kan jan ƙarfe mai zafi, tukunya ta tsage ko ta tarwatse. An gwada sa bawul mai barin ruwa ya bi hanya ɗaya kawai, amma datti yakan maƙale masa ya bar shi a buɗe.

Maganin da kamfanin Hartford ya yaɗa daga 1919 ba shi da ko sashe ɗaya mai motsi. Ana saukar da wani bututu daga saman tukunya zuwa gindinta domin matsin sama da na ƙasa su daidaita. Shi kuma bututun dawo da ruwa, maimakon ya shiga gindi, sai a ɗaga shi ya haɗu da wannan bututun daidaitawa kimanin inci 2 ƙasa da matakin ruwan tukunya. In bututun ƙasa ya huje, ruwan da zai zube ba zai wuce wannan mahaɗa ba. Har yau sunan kamfanin ake kiran wannan lanƙwasa da shi. A ganina tana cikin mafi kyawun dabarun injiniyanci na ƙarni na 20, domin kariya ce da aka gina da siffar bututu kawai, ba ta dogara da farkawar kowa ba.

To me ya lalace? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sababbin gidajen Amurka suka koma ɗumamawa da iska mai zafi ko ruwan zafi da injin ke turawa. Aka daina gina tsarin tururi, aka daina koyar da shi, magina na farko suka tsufa suka rasu. Dan Holohan, wanda ya wallafa littafin The Lost Art of Steam Heating a 1992 bayan ya tono tsofaffin littattafan sana'ar, yakan kira su "Matattun Mazaje". Gine-ginensu kuwa suna nan, kuma tukwanensu suna bukatar sauyi.

A nan ne ainihin matsalar take. Tsohuwar tukunyar kwal ƙatuwa ce, tana da faffaɗan fili a saman ruwa inda tururi yake lafawa, ɗigon ruwa ya faɗo, busasshen tururi ya fita. Ko an haɗa bututunta da ɗan sakaci, girmanta yana rufa asiri. Tukunyar zamani mai aiki da gas ko mai ƙarama ce, ruwanta kaɗan, filinta ƙunci. Tururi yana fita da ƙarfi yana jan ruwa tare da shi. Aikin raba ruwa da tururi, wanda a da cikin tukunya ake yin sa, ya dawo kan bututun waje. Bututun ya zama wani sashe na tukunyar, amma mai gyaran da ya taso a kan aikin ruwan zafi yana kallonsa a matsayin hanya kawai.

Shi ya sa kura-kuran suke maimaita kansu. Masu ƙera tukwane sukan bukaci bututun da ke tashi daga tukunya su hau aƙalla inci 24 sama da matakin ruwa kafin su shiga babban bututun kwance, kuma kada a rage faɗinsu. Mai gyara ya rage faɗin don ƙananan bututu sun fi arha, ko ya toshe kafa ɗaya daga cikin biyu, sai gudun tururin ya ninka. Jerin mahaɗu ma yana da ƙa'ida: bututun da suka taso daga tukunya su fara shiga, sannan wanda zai kai tururi gini ya fita ta sama, sannan a ƙarshe bututun daidaitawa ya sauka da ruwan da aka tace. In aka ɗauki hanyar gini daga tsakanin bututu biyu masu tasowa, tururin dama da na hagu su yi karo, ruwan da ba shi da mafita ya haye benaye. Ita kanta lanƙwasar Hartford, in aka haɗa ta da dogon bututun kwance maimakon gajere, takan zama wurin buga guduma.

Akwai kuma jarabar amfani da bututun tagulla, saboda ya fi sauƙin yanka da liƙewa. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe miƙewa in ta ji zafi, kuma mahaɗar da aka liƙe ba ta juyawa. Tsofaffin magina suna amfani da baƙin ƙarfe mai zare, su jera gwiwoyi yadda bututu zai ɗan murɗa in ya kumbura, ba tare da ya ɓamɓare sassan tukunyar ba.

In zafi ya ƙi kai wa hawa na sama, abin da aka fi yi shi ne ƙara matsi, kuma wannan ƙara wa Barno dawaki ne a gurguwar fahimta. An tsara waɗannan gine-gine su yi aiki da matsin da bai wuce fam 2 a kan kowane inci murabba'i ba. Abin da yake tare tururi yawanci iska ce da ta cika bututu saboda 'yan kafofin fitar da ita sun toshe. Kowane fam ɗaya na matsi yana iya ɗaga ruwa inci 28 a bututun dawowa. A ƙara shi fiye da kima, ruwan ya hau har ya shiga babbar hanyar tururi, ya toshe kafofin iskar da suka rage, gidan sama ya ci gaba da sanyi, mai gini kuma ya biya ƙarin kuɗin gas.