Kejin Salwa Guda: Al'adar da Aka Gina Don Kunnen Mai Ita

Salwar da ake kiwo yau a Jos da Kano da Kaduna baƙuwa ce daga Japan. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ce ta shigo da ita Najeriya a 1992, don ƙwai da nama. Yawanci garke ake tara ta, amma akan samu mai sha'awa ya ware guda ya sa a keji, ya rataye a zaure. Idan namiji ne, da asuba sai ya miƙe wuya ya dinga cara, mai shi kuma ya ce tsuntsu yana jin daɗi. Tarihin kiwon salwa a ƙasarta ta asali bai goyi bayan wannan zato ba: an ƙirƙiro kejin salwa guda ne don a samu wannan cara, kuma kaɗaici na cikin abin da ke tsananta ta.

Jafanawa sun daɗe suna ajiye salwa saboda muryarta, amma a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, abin ya bunƙasa. Ƙasa ta zauna lafiya a hannun gidan Tokugawa, mayaƙan samurai suka rasa yaƙi, sarakunan yankuna suka koma gasar kayan ƙawa. Salwa ta shiga cikin wannan gasa. Akan taru da sanyin safiya, lokacin da muryar ta fi fita, a jera kejina, a saurari wanda cararsa ta fi ƙarfi da tsawo da daɗi. Jafanawa sun ɗauki kukan a matsayin albishir. Masu hali suka riƙa sa a ƙera musu keji da itace mai tsada, a shafe shi da fenti mai ƙyalli, a yi masa adon zinariya. Wasu ma sukan horar da tsuntsun ya zauna cikin 'yar jakar ƙyalle da ake ɗaurawa a ƙugu, a yi yawo da shi. Ba su kaɗai ba ne. Har yau a Uzbekistan ana rataye salwa ɗai-ɗai a gidajen shan shayi, cikin kejin duma da aka lulluɓe da ƙyalle, don dai a ji kukanta.

Me namijin salwa yake faɗa in yana cara? Tsuntsu ne na cikin ciyawa, ba ya hango ɗan uwansa daga nesa, don haka murya ce fitilarsa. Idan yini ya tsawaita, lokacin barbara ya zo, sai ya dinga kira don mace ta san inda yake. Masu nazarin halayyar tsuntsaye sun lura cewa namijin da ya saba da mace, in aka ɗauke ta daga ganinsa, carar tasa ƙaruwa take yi, in aka dawo da ita sai ya lafa. Ke nan mai neman lashe gasa ba shi da dalilin ba tsuntsunsa abokiyar zama, domin yin haka rage masa murya ne. Adon zinariyar nan duk na mai kallo ne.

Sai zamani ya juya. Wajen 1910 masu kiwo suka fara zaɓar salwa don yawan ƙwai, kasuwar ta kafu kafin 1940. Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa share kiwon baki ɗaya saboda ƙarancin abinci, irin da aka yi ƙarni ana tacewa don waƙa kuwa ya ɓace. Daga 'yan tsirarun da suka tsira aka sake gina sana'ar, garin Toyohashi na lardin Aichi ya zama cibiyarta. Wannan tsatso ne ya bazu a duniya: tsuntsuwa mai ƙyanƙyashewa cikin kwana 17, ta fara ƙwai a mako 6 zuwa 7, ta yi sama da 250 a shekara, ta kusa manta kwanci har sai an nemi inji. Tun fitowarta daga ƙwai a cikin cincirindon 'yan tsaki take buɗe ido. Wanda ya ware ta yau ya ce ai haka Jafanawan da suka yi, ya haɗa kejin wani zamani da tsuntsuwar wani zamani.

Za a ce, ai salwar dawa ba mai garke ba ce kamar zabo. Akwai gaskiya a nan, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu kiwon guda. A lokacin haihuwa salwa bibbiyu take rabuwa, maza kuma ba sa jure wa juna. A Afganistan da Pakistan har dambe ake haɗa su ana caca. Wanda ya ji tausayin namijinsa ya kawo masa namiji na biyu cikin ƙaramin keji, jini zai gani. Amma bibbiyu ba ɗai-ɗai ba ne, kuma bayan haihuwa salwar dawa takan haɗu ƙananan rukuni, ta yi ƙaura tare da 'yan uwanta. A Faransa, masu bincike Mills da Faure sun wallafa gwaji a 1991: suka ɗora ɗan tsako a kan bel mai ja da shi baya, 'yan uwansa na gaba, suka auna nisan da zai gudu don ya cim musu. Wasu sun yi gudu mai yawa, wasu kaɗan, kuma da aka ci gaba da zaɓe sai halin ya bi zuriya. Wannan ya ba masu jayayya rabin gaskiya, tunda wata salwar ta fi wata jure zaman kaɗaici. Amma ya kuma nuna cewa neman ɗan uwa a jini yake, ba tausayin mutum ne ya ƙirƙiro shi ba.

Za a kuma ce mai ita ya ishe ta hira. Salwar da aka rena a hannu takan saba, ta bi mutum, ta kwanta a tafinsa, kamar dai ta cikin jakar ƙugun nan ta zamanin Edo. Sai dai mutum yana fita kasuwa, yana barci a ɗaki. Madubi kuwa yakan kwantar wa ɗan tsako ko mace hankali na ɗan lokaci, namiji kuma yana iya ɗaukar hotonsa kishiya ya yi ta sara. Abin da masu kiwo suka tabbatar ya fi sauƙi: mace a ba ta mace, namiji a ba shi mata uku zuwa biyar, domin in guda ce zai tsige mata gashin ƙeya da yawan hawa. Kada a jefa baƙuwa kai-tsaye. A raba su da waya na wasu kwanaki suna ganin juna. A sa kaskon yashi na birgima, da damin ciyawa ko kwali na ɓuya. Abu guda da ya cancanci a gada daga maƙeran Edo shi ne rufin keji: raga mai laushi suke sawa, domin salwa in ta firgita sama take tashi a miƙe, rufin katako ko ƙarfe kuwa fasa mata kai yake yi.