Andy Flower da Baƙin Ƙyalle: Tarihin Wani Mai Tsaron Sanduna a Wasan Kurket

Cikin wasannin da Turawan mulkin mallaka suka shigo da su ƙasar Hausa, kurket ne bai yi saiwa ba. An koyar da shi a Kwalejin Katsina tun cikin shekarun 1920, kuma Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, yana cikin ɗaliban da suka buga shi. To amma ƙwallon ƙafa ya game gari, ƙwallon dawaki ya sami gindin zama a gidajen sarauta, shi kuwa kurket ya tsaya a ƙofar makaranta. Saurayi a Dutse ko Kiyawa ko Birnin Kudu yana iya lissafa 'yan ƙwallon Ingila kaf, amma da wuya ya taɓa jin sunan Andy Flower na ƙasar Zimbabwe, alhali kuwa tarihinsa tarihin Afirka ne, na ƙasa da mulki da launin fata.

Ya kamata a fara da bayanin aikin da mutumin ya yi. A kurket akan kafa sanduna uku a ƙasa. Mai jifa yana neman ya kayar da su da ƙwallo, mai bugu kuwa yana kare su da wani katako mai kama da muciya mai faɗi, yana tara maki. Bayan sandunan akwai wani mutum sanye da safar hannu, a tsugune, yana cafe duk ƙwallon da ya wuce. Shi ne mai tsaron sanduna. A babban wasa, wanda ake kira Tes, ana iya kwana biyar ana fafatawa, saboda haka mai tsaron yakan tsuguna ya miƙe sau ɗaruruwa a yini guda. In an gama wannan kuma a ce ya ɗauki katako ya yi bugu. Shi ya sa a da ba a sa rai ga mai tsaro ya tara maki masu yawa. In ya tsare bayansa, ya fita hakki.

An haifi Andrew Flower a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ran 28 ga Afrilu, 1968, ya tashi a Rodeshiya, wadda ta zama Zimbabwe a 1980. Wasansa na farko a gaban duniya ya zo ne a gasar cin kofin duniya ta 1992, a garin New Plymouth, inda ya ci maki 115 a kan Siri Lanka ba a fitar da shi ba. Zimbabwe ta tara 312, amma duk da haka aka cinye ta. Wannan rana ta nuna yadda sauran rayuwarsa ta wasa za ta kasance, watau shi ya yi bajinta, ƙungiya ta sha kashi.

A wannan shekara ce aka shigar da Zimbabwe cikin ƙasashe masu buga Tes. Nasararta ta farko ba ta zo ba sai Fabrairun 1995, a Harare, a kan Pakistan. Flower ne kyaftin, ya ci 156, ƙanensa Grant ya ci 201. A wannan wasa ne kuma wani yaro ɗan shekara 18, Henry Olonga, ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa ƙasar Tes. Sunansa zai sake fitowa nan gaba.

Ganiyar Flower ta zo tsakanin 2000 da 2001. A Indiya, inda ƙasar filin ke sa ƙwallo ya murɗe har ya ruɗa baƙi, ya ci maki 540 a wasa biyu, sau biyu kacal aka fitar da shi. Cikinsu har da 232 a Nagpur, wanda ya zama maki mafi yawa da wani mai tsaron sanduna ya ci a zama guda a Tes. Amma abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne na Satumban 2001 a Harare. Afirka ta Kudu ta fara bugu ta tara 600, Flower yana tsugune a baya tun daga farko har ƙarshe. Da ya tashi ya ɗauki katako, ya ci 142. Aka sa Zimbabwe ta sake bugu nan take saboda ratar da aka ba ta, ya koma ya kai 199, sai abokan bugu suka ƙare masa, ya rasa maki ɗaya tak ya cika ɗari biyu. Fiye da rabin abin da ƙungiyar ta tara shi kaɗai ya ci, kuma aka cinye su. A shekarar nan aka sa shi na ɗaya a duniya cikin masu bugu. Jimlar abin da ya yi a Tes ita ce wasa 63 da maki 4,794, alhali nasarorin ƙasarsa a duk tsawon lokacin ba su wuce bakwai ba. Masu lura da wasan sun yarda cewa a wajen tsaro akwai waɗanda suka fi shi iya hannu. A wajen jurewa ne ya yi musu fintinƙau.

Sa'ad da yake wannan bajinta, ƙasar tana rikicewa. Tun zamanin mallaka manoma farar fata 'yan dubbai ne ke riƙe da gonaki mafi kyau, kuma wannan zalunci ne da ba mai musunsa. Daga shekarar 2000 gwamnatin Robert Mugabe ta bar magoya bayanta suka shiga ƙwace gonakin da ƙarfi, aka kuma tsananta wa 'yan hamayya, waɗanda galibinsu baƙar fata ne, abinci ya yi wuya. Ana cikin haka sai aka ba Zimbabwe wasu wasanni na gasar duniya ta 2003. Mugabe shi ne uban hukumar kurket ta ƙasar, filin wasan Harare kuwa maƙwabcin fadarsa ne.

Flower ya san in Bature shi kaɗai ya yi magana, za a ce kukan gonar 'yan uwansa yake yi. Don haka ya nemi Olonga. Wani lauya ɗan hamayya, David Coltart, ya taimaka musu suka tsara takarda. Ran 10 ga Fabrairu, 2003, a wasansu da Namibiya, su biyun suka fito kowa da baƙin ƙyalle a damtse, suka kuma raba wa 'yan jarida takardar, wadda ta ce suna makokin mutuwar dimokuraɗiyya a ƙasarsu. Ba su ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya san inda aka dosa.

A nan ne ya kamata mai tarihi ya yi adalci, domin laifin ɗaya ne amma hukuncin ya bambanta. Flower ba a iya ajiye shi ba, don ba wanda zai maye gurbinsa, ya buga gasar har ƙarshenta, dama kuma yana da aiki yana jiransa a ƙungiyar Essex ta Ingila. Olonga kuwa aka ajiye shi a benci, kulob ɗinsa ya kore shi, aka kira shi maci amana, aka yi masa barazanar kisa. Da Zimbabwe ta gama wasanninta a Afirka ta Kudu bai koma gida ba, ya ɓuya, daga nan ya wuce Ingila yana ɗan shekara 26, wasansa ya ƙare ke nan. Mai daraja ya jingina darajarsa, wanda ba shi da madogara ya jingina rayuwarsa duka.

Sauran labarin Flower na nasara ne. Ya zama mai horar da Ingila daga 2009 zuwa farkon 2014, ya doke Ostareliya a jerin wasanni uku, ya kai Ingila matsayi na ɗaya a Tes a 2011, sa'an nan ya sauka bayan Ostareliya ta lallasa su biyar ba ko ɗaya. A 2021 aka sa sunansa cikin gwarazan wasan na duniya, shi ne ɗan Zimbabwe na farko.

Safar hannun da ya bari kuwa ta faɗa hannun Tatenda Taibu, baƙar fata ɗan unguwar Highfield ta Harare. A 2004, bayan manyan 'yan wasa farar fata sun yi rigima da hukuma sun fice, aka ɗora masa kyaftin yana ɗan shekara 20. Shi ma bai daɗe ba ya saɓa da hukumar, ya ajiye muƙamin a ƙarshen 2005. A farkon 2006 Zimbabwe ta janye daga buga Tes, ba ta komo ba sai 2011.