Sunan ɗiya mace a ƙasar Jamus

Jamusawan da, sunan yaƙi suke raɗa ma ɗiyansu mata. Matilda na nufin ƙarfi a fagen fama. Gertrud kuwa, mashi ne da ƙarfi. Da addinin Kirista ya kafu, sai Mariya da Anna suka yawaita.

Amma a 1938 gwamnatin Hitila ta mai da suna abin tsangwama. Ta kafa doka: daga 1939, duk Bayahudiyar da sunanta bai nuna asalinta ba, tilas ta ƙara Sara, don a gane ta ko a takarda. Kun san sunan, Saratu ke nan, ma'anarsa gimbiya. Sai 1945, da Jamus ta sha kashi, aka soke dokar.