Castle Ravenloft: wasan tebur da ake ci tare ko a faɗi tare

A dara ko ludo, kowa neman kayar da ɗan'uwansa yake. Akwai kuma wasu wasannin tebur da ƴan wasa ke haɗa kai su fuskanci wasan kansa, ko su ci gaba ɗaya ko su faɗi gaba ɗaya. Castle Ravenloft, wanda kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar a 2010, yana cikin sanannunsu.

Tushensa shi ne Dungeons & Dragons, wanda masu jin Faransanci suka sani da Donjons et Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a 1974. Kowane ɗan wasa yakan ɗauki matsayin jarumi, mayaƙi ko matsafi, mutum guda kuma ya zama jagora: shi ke ba da labari, ya yi magana da bakin dodanni, ya yanke hukunci. Labari ɗaya kan ɗauki watanni ana zama a kansa. Nan wahalar take, domin jagora sai ya yi karatu da shiri, kuma ranar da bai zo ba, babu wasa.

Castle Ravenloft ya cire jagoran. An ɗauko labarinsa daga littafin Ravenloft na 1983, na Tracy da Laura Hickman, game da Strahd von Zarovich, basarake mai shan jinin mutane. Mutum ɗaya zuwa biyar ke bugawa. Ba a shimfiɗa taswirar gidan tun farko. Duk lokacin da jarumi ya kai bakin inda aka sani, sai a jawo sabon falle na kwali a haɗa, dodo ya bayyana a kai. Kowane dodo yana da kati mai faɗin abin da zai yi: in jarumi na kusa ya kai masa hari, in yana nesa ya matso. Dayis mai fuska 20 ke raba gardamar sara ya kama ko bai kama ba.

Ƙa'idar da ke tilasta haɗin kai mai tsauri ce. Tawagar duka tana da damar farfaɗo da wanda ya faɗi, galibi sau biyu kawai. In damar ta ƙare aka sake rasa jarumi ɗaya, kowa ya faɗi, har wanda bai ji ko ƙwarzane ba. Shi ya sa mai son kansa ba ya daɗewa a wannan tebur.

Wasu akwatunan sun biyo baya: Wrath of Ashardalon da The Legend of Drizzt a 2011, sai Temple of Elemental Evil a 2015, inda jarumai ke riƙe abin da suka samu daga zama zuwa zama. Tomb of Annihilation ya fito a 2017, shekara ɗaya da littafin Dungeons & Dragons mai wannan suna.

Abin da aka samu shi ne sauƙi, don zama ɗaya bai cika wuce awa ɗaya ko biyu ba. Amma an yi asara. Jagora na iya sauraron ɗan wasan da ya ce zai yaudari mai gadi ko ya nemi sulhu da dodo. Kati kuwa bai san sulhu ba, faɗa kawai ya iya. Akwai kuma matsalar da masu wasan suka daɗe suna kuka da ita: wanda ya fi gogewa yakan ƙwace ragama, ya riƙa gaya wa kowa inda zai taka, sauran su koma masu tura masa ƴan gumakan roba.